Gurabu 16: Ɗalibi, Kwamfuta da Kiɗan Rawa

A daren 13 ga Agustan 2004, lokacin da tawagogin 'yan wasa ke shigowa fili ɗaya bayan ɗaya a bikin buɗe gasar Olympics a birnin Athens na ƙasar Girka, wanda ke yi musu kiɗa ba ya riƙe da ganga ko algaita. Wani DJ ne ɗan ƙasar Holan da ake kira Tiësto, a tsaye gaban na'urori. Can a garin Amstelveen, kusa da Amsterdam, wani yaro ɗan shekara takwas mai suna Martijn Garritsen yana kallon bikin a talabijin, kuma tun daga wannan dare ya ƙwallafa rai a kan irin wannan kiɗa. Daga baya ya sauke wata manhaja mai suna FL Studio a kwamfuta, ya shiga koya wa kansa. A 2013, yana da shekara 17, yana ɗalibi a makarantar koyon sana'ar kiɗa ta Herman Brood da ke Utrecht, ya fitar da "Animals" da sunan Martin Garrix. Kiɗa ne zalla, in ban da wata 'yar murya da ke gilmawa, amma sai da ya hau matsayi na ɗaya a jadawalin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Birtaniya.

Labarin gaskiya ne, kuma shi aka fi bai wa ɗalibin da ya fara sha'awar haɗa kiɗan rawa da kwamfuta. Illarsa ita ce yana sa a zaci sirrin yana cikin manhajar. Ɗalibin yakan zaci haka, sai ya ɓata shekaru yana farautar sababbin sautuka da dabarun latse-latse. Mahaifinsa ma yakan zaci haka ta wata fuskar: tunda na'ura ce ke kiɗan, ai yaron ba ya koyon komai, wasa kawai yake yi da kwamfutar da aka saya masa don karatu. Kuskurensu ɗaya ne. Manhajar ana gane kanta cikin 'yan makonni. Abin da ke cin shekaru shi ne horar da kunne, kuma wanda ya fi samun rabo a wannan fage shi ne ɗalibin da ya zo wa na'urar da wani kari da ba ta san da shi ba.

FL Studio ta wani kamfanin ƙasar Beljiyam ce mai suna Image-Line. Wani masanin tsara manhaja, Didier Dambrin, shi ya rubuta ta a ƙarshen shekarun 1990 da sunan FruityLoops, kuma a farkonta ba ta wuce 'yar na'urar buga ganga a allon kwamfuta ba. A 2003 aka sauya mata suna. Tana da abokan gasa, musamman Ableton Live da ta fito daga Balin a 2001, amma FL Studio ce ta fi shiga ɗakunan samari marasa ƙarfi, saboda ba ta buƙatar kwamfuta mai tsada, kuma fuskarta ba ta tsorata baƙo. Nau'inta mafi araha ya daɗe a kan dala 99, wanda kuma ya saya sau ɗaya ba ya sake biyan kuɗin sabuntawa. Akwai na gwaji kyauta, mai wata mugunta guda: yana barin mutum ya ajiye aikinsa, amma ba ya barin ya sake buɗe shi sai ya biya. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa ɗimbin matasa a duniya da kwafin sata suka fara, da duk abin da ke biyo bayansa na cutar kwamfuta da asarar aiki.

Abin da ɗalibi zai fara gani idan ya buɗe ta shi ne layuka na ƙananan gurabu, kamar na dara, 16 a kowane layi. Kowane layi sauti ɗaya ne: wannan na babbar ganga, wancan na tafi, na ƙasansa na wani ƙarfe mai ƙara kamar kacau-kacau. Gurabun 16 su ne gaɓa ɗaya ta kiɗa, mai bugu huɗu, kowane bugu an raba shi huɗu. Idan ya kunna gurbi na 1 da na 5 da na 9 da na 13 a layin ganga, ya sa tafi a na 5 da na 13, ya zuba ƙarfen a na 3 da na 7 da na 11 da na 15, ya daidaita gudun a kan bugu 125 a minti, to ya riga ya samu ƙashin bayan salon da ake kira house. Aikin minti biyu ne, kuma da gaske ƙafa za ta motsa.

Daga nan ne yaudarar ke somawa. A gudun bugu 128 a minti, gaɓa takwas daidai take da sakan 15. Ɗalibi yana iya ƙawata waɗannan sakan 15 har su yi daɗin da zai hana shi barci, ya bar su suna ta zagayawa, ya ji kamar ya gama. Washegari sai ya buɗe sabon shafi ya sake yin wasu. Bayan shekara guda yana da ɗaruruwan guntaye a kwamfuta, babu cikakken kiɗa ko ɗaya. Masu sana'ar sun san wannan cuta sarai, kusan kowannensu ya yi jinyarta. Mayar da sakan 15 su zama minti biyar ko shida wani ilimi ne na daban, kuma ilimin halin mutane ne fiye da na na'ura. Yaushe mai rawa zai gaji da abin da yake ji? Me za a ɗauke masa don ya yi kewarsa, kuma gaɓa nawa za a bar shi yana jira kafin a mayar masa? A wannan kiɗa sauyi yakan zo bayan gaɓa 8 ko 16 ko 32, ana kuma barin farko da ƙarshe kusan ganga zalla domin DJ ya samu inda zai ɗinke wannan kiɗa da na gabansa ba tare da 'yan rawa sun ji ɗinkin ba. Duk wanda ya taɓa ganin makaɗin kalangu a gidan biki yana rage hannu har sai mata sun fara tsaki, sannan ya sake shi gaba ɗaya, ya san wannan dabara. Babu manhajar da ke da maɓallinta.

Sai batun daidaita sautuka, abin da 'yan situdiyo ke kira mikisin, inda ɗalibin da ya raina darasin kimiyya a aji zai sake haɗuwa da shi ido da ido. Kunnen ɗan Adam yana jin sauti daga mai girgiza kimanin 20 a sakan zuwa mai girgiza 20,000. Babbar ganga da bes, wato sautin nan mai kauri da ake ji a ƙirji, dukansu a can ƙasa suke zaune, suna rububin wuri ɗaya. Idan aka bar su suka faɗo tare, sai su cakuɗe su zama gurnani. Ɗaya daga cikin magungunan shi ne a umarci manhajar ta riƙa dusashe bes na ɗan ƙiftawar ido duk lokacin da ganga ta sauka, kuma wannan ne asalin numfashin nan da ake ji kiɗan yana yi, kamar yana shaƙa yana fesarwa. Matsalar ɗalibi ita ce ƙaramar lasifikar waya ko ta kwamfuta ba ta iya fitar da waɗannan sautuka na ƙasa. Yana aiki ne a kan abin da ba ya ji. Sai ranar da aka sa kiɗan a manyan lasifikoki zai san ɓarnar da ya yi. Mai haƙuri yakan koyi gwada aikinsa a wurare da dama: a waya, a mota, a rediyon shago, yana kwatanta shi da na gwanaye, har kunnensa ya koyi hasashen abin da lasifikarsa ke ɓoye masa. Wannan kunne kuma dukiya ce mai lalacewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ga babba ƙarar da ta kai ma'auni 80 kada ta wuce awa 40 a mako, kuma wanda ke kwana da abin sauraro a kunne yana ƙure ƙara yakan zarce haka ba tare da ya sani ba.

To wa ke koyar da duk wannan? A tsarin gargajiya na makaɗa, yaro yakan fara da ɗaukar kaya, ya yi shekaru yana amshi ko yana buga kanzagi a bayan ubangidansa, ana harararsa idan ya kauce, kafin a miƙa masa babbar ganga. Ɗalibin kwamfuta ba shi da mai harara. Malamansa su ne dubban bidiyoyin YouTube, waɗanda amfaninsu ba ya musantuwa, amma suna da iyaka. Bidiyo yana koyar da yadda ake sake yin abin da wani ya riga ya yi. Idan samari dubu ɗari suka kalli darasi ɗaya, suka sauke tarin sautuka ɗaya, suka bi mataki ɗaya, abin da zai fito shi ne kiɗa dubu ɗari da ba a iya bambance su. Bayan nasarar "Animals" an sha irin wannan ambaliya, ta kwaikwayo masu tsafta, marasa aibu, waɗanda babu mai tuna su yau.

Akwai kuma wani malami da ba a lura da shi, wato gurabun nan 16 da kansu. Ba daga sama suka faɗo ba. Gado ne daga na'urorin buga ganga na kamfanin Roland na Japan, musamman TR-808 ta 1980 da TR-909 ta 1983, masu maɓallai 16 a jere. Na'urorin ba su yi kasuwa ba a farko, domin mawaƙan lokacin sun ga sautinsu bai yi kama da na gangar gaske ba, har suka koma kayan gwanjo. A gwanjon ne matasa baƙar fata na Chicago da Detroit suka same su da araha, suka gina house da techno a kansu. Mutum ukun da ake jingina wa kafa techno, Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson, tun suna 'yan makaranta a garin Belleville suka san juna. Ke nan sana'ar tun asalinta ta ɗalibai ce da kayan da manya suka yar. Amma abin lura shi ne tsarin da ya dace da rawar gidajen rawa na Chicago shi ne ya zama shimfiɗar da manhaja ke tarbar kowa da ita, daga Stockholm har Legas. Na'urar tana da karin harshenta, kuma wanda bai zo da nasa ba da nata zai tashi.

Hujja mafi ƙarfi a kan haka tana birnin Durban na Afirka ta Kudu. A farkon shekarun 2010, samari a unguwannin talakawa na kewayen birnin, da yawansu 'yan sakandare, sun samu FL Studio a tsofaffin kwamfutoci. House ya riga ya mamaye ƙasarsu, da gangarsa mai sauka a kan kowane bugu. Su sai suka karya wannan doka. Suka tsinke jerin gangar, suka matsar da ita zuwa gurabun da ba a saba ba, suka bar ramuka a inda kunne ke jiran bugu, suka shimfiɗa wani dogon sauti mai duhu a ƙarƙashi, suka yayyanka muryoyi da ihu suka mayar da su kayan kiɗa. Aka kira abin gqom, kalmar Zulu mai kwaikwayon ƙarar dukan ganga. Da ma'aunin darussan intanet aikin cike yake da laifi: sautin ɗanye ne, mikisin ɗin ba na ƙwararru ba ne, fayilolin kuma an matse su don su yi sauƙin turawa ta waya. Sai dai samarin suna da abin da ɗalibin da ke kulle a ɗaki ba shi da shi, wato alƙalai. Kiɗan yakan fita daga ɗaki ya shiga ƙananan motocin haya na Durban, inda direbobi ke ƙure shi don jan fasinja, ya shiga wuraren rawa na unguwa. Wanda ya motsa jama'a ya rayu, wanda bai motsa ba ya mutu a ranar. Wannan hukunci na nan take shi ya maye gurbin hararar ubangida.

Ɗaya daga cikinsu, Lwazi Gwala na unguwar Clermont, wanda aka sani da DJ Lag, ya fara fita ƙasashen waje a 2016, shekarar da wani kamfanin faifai mai suna Gqom Oh! da ke birnin Rum ya fitar da tarin kiɗan Durban ga kunnen Turai. A 2019 sunansa ya fito cikin waɗanda suka haɗa "My Power" a kundin Beyoncé na The Lion King: The Gift. Manhajar da ke gabansa ita ce dai wadda ke gaban Garrix.

Amapiano, wanda ya taso daga unguwannin lardin Gauteng ya kuma cika kunnen Najeriya a 'yan shekarun nan, ya ƙara fito da batun fili. Sautin nan nasa mai dukan ciki, wanda ake kira log drum, yana nan tuntuni cikin sautukan da FL Studio ke zuwa da su, a gaban miliyoyin mutane da suka wuce shi ba su waiwaya ba. Sai da wasu suka rage gudun kiɗan zuwa wajen bugu 112 a minti, suka ɗora wa wannan sauti aikin ganga da na bes a lokaci guda, sannan ya zama alamar salo sukutum.

A nan ne maganar ta shafi ɗalibin da ke zaune da kwamfuta a ɗakin kwanan ɗalibai a Zariya ko Kano ko Yamai. Yana da dukiyar da yakan raina. Da yawa daga kiɗan ganga na Afirka ta Yamma a kan rabon uku-uku yake tafiya, gaɓa mai kashi 12, wanda ba ya zama daidai a gurabu 16. Manhajar tana iya komawa wannan rabo, amma sai an umarce ta, kuma ba mai umartar ta sai wanda kunnensa ya gaya masa cewa wani abu ya karkace. Haka kalangu: daɗinsa yana cikin matsa tsarkiya a hammata, sauti ya hau ya sauka yana bin karin magana. Wanda ya naɗi bugu ɗaya na kalangu ya jera shi a gurabu ya samu gawar kalangu ne kawai. Kafin ya dawo masa da rai dole ya zauna ya zana hawa da saukar kowane bugu da hannu, ko ya je ya naɗo makaɗi yana bugawa, kuma ko wanne ya zaɓa sai ya saurari kalangu irin sauraron da bai taɓa yi masa ba. Hanyar ma ba sabuwa ba ce. A Nijar, Mamman Sani ya naɗi karin gargajiya a kan wata ogan ta lantarki ƙirar Italiya tun 1978, kiɗan da gidajen rediyo da talabijin na ƙasar suka daɗe suna sakawa tsakanin shirye-shirye, kuma wani matashi a Yamai mai suna Hama ya bi sawu da kwamfuta a kundinsa Houmeissa na 2019. Situdiyoyin Kano kuwa sun shafe shekaru suna fitar da kiɗan fiyano na finafinai, mai nasa tsarin da kowa ke gane shi daga bugun farko. Ɗalibin da ya tsallake duk wannan ya tafi kwaikwayon Amsterdam ya zaɓi gasar da ba shi da wani fifiko a cikinta.

Muhawarar malamai a kan kiɗa tana da nata zauren, kuma kowane gida ya san inda ya tsaya. Amma gidan da ya riga ya bar ɗansa yana wannan abu, ko yake kau da kai kamar bai gani ba, gara ya yi masa tambayoyin da suka dace. Tambayar ko yana ɓata lokaci amsarta tana da sauƙi: kiɗa nawa ya kammala daga farko har ƙarshe a wata shidan da suka wuce, kuma su wa suka ji, ban da abokan da ba za su iya gaya masa gaskiya ba? Wanda ke kammalawa yana koyon tsara aiki, da kimiyyar sauti, da jure suka, abubuwan da ake biyan kuɗi a kansu a rediyo da fim da talla ko da bai taɓa yin suna ba. Wanda ke tara guntaye kuwa mahaifinsa ya fi shi gaskiya.

Barin makaranta saboda wannan sana'a shawara ce mara kyau, kuma waɗanda suka yi nasara ne suka fi nuna dalili. Tim Bergling na Stockholm, wato Avicii, da FL Studio ya fara yana matashi, "Levels" ta ɗaga shi a 2011, yawon wasanni ya cinye lafiyarsa har ya daina a 2016, ya rasu a birnin Maskat na Oman a 2018 yana da shekara 28. Manhajar ta koya masa haɗa kiɗa, ba ta tanadar masa komai ba game da abin da ke zuwa bayan tafi. Garrix kansa, da makarantarsa ta kiɗa da ƙasarsa mai ƙaƙƙarfar doka, ya rabu da kamfanin Spinnin' Records a 2015, ya shafe shekaru a kotu a kan mallakar kiɗan da ya sa wa hannu yana yaro. Darasin yarjejeniya da haƙƙin mallaka, wanda ɗalibi ke hamma a kansa a aji, shi ne ke raba mai kiɗa da mai cin kuɗin kiɗa.

DJ Lag ya ga nasa rabon a ƙarshen 2020. Wata waƙa mai suna "Culture" ta fito a Amurka, ta DJ Megan Ryte tare da will.i.am, sai 'yan Afirka ta Kudu suka ji kiɗan "Ice Drop" na Lag a cikinta, babu sunansa. Abin da ya cece shi shi ne kiɗan ya riga ya fita a hukumance da sunansa tun 2016 ta hannun wani ƙaramin kamfanin faifai na Landan, kuma babu wanda zai ji wannan karyayyar ganga ya ce daga wani wuri ta fito ban da Durban. Cikin 'yan kwanaki will.i.am ya fito bainar jama'a ya nemi afuwa.